Kwamfutar da Ta Manta da Baba

Ni na jawo, kuma ban taɓa musu ba, sai dai in Baba yana kusa.

Hutun damina ne, an rufe kwalejin da nake koyar da Faransanci, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ranar wata Asabar da hantsi na tafi unguwar Zariya, a nan cikin Maraɗi, gaida iyayena. Na iske Baba a ɗakinsa, zaune kan tabarma, kwamfutarsa a kan ɗan teburin da ake aza shayi, ya zuba mata ido yana kaɗa ƙafa. Shekara talatin da wani abu ya yi a ma'aikatar kiwo yana bin ƙauyuka da allurar dabbobi. Da ya ajiye aiki sai ya ɗaura wa kansa rubuta littafi a kan jar akuyar Maraɗi: asalinta, fatarta, cututtukanta, har da halinta, domin a wurinsa kowace akuya da irin nata. Shekara huɗu ke nan yana rubutun.

Kwamfutar ta hannu ce, ƙanena ya sayo masa ita a Kano. Ta tsufa ta yi nauyi. Baba kan kunna ta, ya fita ya yi alwala, ya yi walaha, ya leƙa awakinsa uku a bayan gida, ya dawo ya tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan nata.

Ni kuwa a shekarar an tura mu wani horo na kwana uku a kan na'ura, har takardar shaida aka ba mu. Wannan takarda ita ta yi magana da bakina.

"Baba, ku kawo in gyara maku ita. Akwai yadda ake mayar da ita kamar ranar da ta fito daga kamfani. Duk tarkacen da ya cika ta zai fita."

"Da littahin?"

"Littafin zan kwashe shi a kile tukuna." Na ciro ɗan kilen, abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi takardu, wanda nake ajiye darussana a ciki, wanda bai kai ɗan yatsa ba, na nuna masa.

Ya dubi kilen, ya dube ni. "Shekara huɗu, Madam. Cikin wannan?"

Inna ta wuce ta ƙofar ɗakin da faifan gero a hannu, ba ta ko tsaya ba ta ce, "Ni dai da kun bar ta yadda kuka gan ta."

Ba mu bar ta ba. Na jawo duk abin da na gani a fuskarta na zuba a kile, abin ya shige cikin ƙiftawar ido, na ma yaba wa kilen da sauri. Sannan na danna inda ake dannawa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta sake tambaya, har na ji haushinta.

Sai bayan azahar ta farfaɗo. Ta taso da sauri kamar ba ita ba, fes, sai dai Faransancin da take yi da mu ya tafi, Turancin Ingilishi take yi. Na lallaɓa da ɗan abin da na sani, na haɗa ta da rezon wayata don ta sami intanet, muka iso wani shafi da ta rubuta adireshin Baba na intanet ta buɗe wani ɗan akwati a ƙasa tana jiran kalmar sirri.

"Ku ba ni wuri," in ji Baba.

Na matsa. Ya ce in ƙara matsawa. Sai da na kai bakin ƙofa na juya masa baya sannan na ji ƙarar maɓallai. Baba ba ya duban yatsunsa in yana rubutu. A keken rubutu ya koya tun yana saurayi, lokacin da shi ke buga rahoton ma'aikata, don haka yakan ɗaga kai sama ne kamar mai addu'a, yatsun su yi ta aikinsu.

Na ji shiru. Na sake jin maɓallai. Shiru kuma.

"Mi ta ce?"

Na dawo na karanta jan rubutun. "Ta ce ba ita ba ce."

"Ita ce."

"To ku sake, a hankali."

Ya sake a hankali, ina bakin ƙofa. Ya sake da ƙarfi, har teburin yana motsi. Ban ƙirga ko sau nawa ba, amma daga ƙarshe jan rubutun ya canza, ya yi tsawo. Na karanta sau biyu kafin in fassara masa: an gwada da yawa, an kulle, wai don a kare shi daga ɓarayi.

"Ni ne ɓarawon?"

"Ba ta san ku ba ne yanzu, Baba. Ta koma sabuwa."

"Shekara huɗu kullum ina zaune gabanta."

Na ce ya faɗa mini kalmar in buga da kaina idan ta buɗe. Ya ce a'a. Na ce to ya rubuta a takarda, in na gama in yaga. Ya ce a'a. Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce, "Ko dai kun manta ne?"

Ya rufe kwamfutar, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.

Ranar Litinin muka kai ta wurin wani mai gyara a bakin babbar kasuwa, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na miƙa masa kile da ƙarfin gwiwa na ce ko ma mene ne, littafin dai yana nan. Ya soka shi a tasa na'urar, ya sauko da tabarau na biyu, ya daɗe yana kallo.

"Madam, wa ya kwashe wannan?"

"Ni."

"To ai ba takardun kika kwaso ba. Alamominsu kika kwaso. Kamar mutum ne ya tumɓuke allon bakin hanya mai cewa Maraɗi kilomita kaza, ya sa a buhu, ya ce ya ɗauko Maraɗi."

Ban dubi Baba ba. Na ji shi dai ya zauna a kan bencin da ke bayana, bencin ya yi ƙara.

Mai gyaran ya ce mu kwantar da hankali. Ya tambayi wanda ya shirya na'urar tun farko, na kira ƙanena a waya suka yi magana. Ashe ƙanen nawa ya saita ta yadda duk abin da Baba ya rubuta, in ta sami rezo, sai ta aika kwafinsa cikin asusun Baba na intanet. Mai gyara ya ajiye waya ya ce, "Alhaji, littafinka bai ɓata ba. Yana sama."

"Wace sama?"

"Ajiya ce. Kamar rumbu, amma ba a nan yake ba. Makullinsa kuwa kalmar nan ce."

Ya ce Baba ya gwada a gabansa ya gani. Baba ya dubi mutanen da ke tsaye suna jiran wayoyinsu, ya ce ba a kasuwa ba. Sai mai gyara ya nuna mana wani ɗan rubutu a ƙasan akwatin, ya ce a danna shi, za a aiko da wasu lambobi ta waya, da su za a sa sabuwar kalma.

"Mi rubutun ya ce?" in ji Baba.

Na fassara: "Na manta kalmar sirrina."

"Ba ni danna ƙarya."

"Baba, haka kawai suke rubutawa."

"To ke danna. Ke kika saba."

Na danna. Ta ce za ta aika lambobin zuwa wata waya, ta rufe lambar da taurari, ta bar biyun ƙarshe: huɗu da bakwai. Ba ta Baba ba ce, ba tawa ba, ba ta ƙanena ba. Muka koma gida da wannan. Inna ce ta warware mana tana tsaka da tsintar shinkafa: tsohon layin Baba ne, wanda ya bar wa Gwaggo tare da tsohuwar salularsa lokacin da aka sayo masa sabuwa. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Tsibiri. Muka kira layin sau uku da la'asar ɗin nan, a kashe. Baba ya ce gobe da safe.

Kafin in tafi gida Inna ta ja ni madafa. Ta ce tun ranar Asabar Baba bai ci abin kirki ba. Ta ce ta ji shi a bayan gida wurin awaki yana jera sunayen ƙauyukan da ya yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen masu garin, in ya yi tuntuɓe sai ya koma farko. Kakanmu, mahaifin Baba, a ƙarshen rayuwarsa ya kai ba ya gane ƴaƴansa. Ban taɓa haɗa wannan da tambayar da na yi ba sai da Inna ta faɗa.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Inna ta naɗe kwamfutar da zanenta, ta sa a leda, ta sake sa ledar a wata leda. Muka tari baburan kabu-kabu biyu. Na ce Baba ya ba ni in riƙe, ya ce na riƙe abin da na riƙe. Haka muka kama hanyar Tsibiri, shi a gaba, ya rungume ƙunshin a ƙirji, babbar rigarsa tana cika da iska, gero kore shar dama da hagu. Duk ramin da mai babur ya faɗa sai in ji muryar Baba daga nesa yana cewa a yi sannu.

Gwaggo ta haura tamanin, amma a wurinta Baba har yanzu yaron nan ne da ta goya. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce ya rame, ta ce hular ba ta dace da rigar ba, ta ce sai da ya so wani abu ya tuna da hanyar Tsibiri. Ta sa aka dama fura. Ba a yi zancen waya ba sai da ta ga ƙasan kwanon.

"Salula? Ai na rabu da ita tun bara."

"Kika kai ta ina, Yaya?"

"Ba ta barin mutum shi huta. Kullum makiyaya, saniyata ba ta ci, tunkiyata na zawo, ina likita. Na ce likita ya bar aiki, ba su ji. Shekara guda ni ka ba su magani."

Baba ya ajiye ludayi. "Wane magani?"

"Kanwa."

"Duka?"

"Wanda abin nasa ya yi tsanani in ce ya ƙara da jar kanwa. Ba wanda ya dawo ya ce ta mutu."

Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin mayafi.

Salular tana hannun ɗanta, wanda ke noman zogala a lambunan Jiratawa. Wato mun baro Maraɗi mun yi arewa, abin da muke nema yana kudu. Gwaggo ta ce ba ya kunna ta sai ya hau tudu sallar azahar, don kada batir ya ƙare. Muka zauna jiran azahar tana ba mu labarin ƙuruciyar Baba, wanda ba ko ɗaya a ciki da zai so in rubuta.

Ɗan Gwaggo taubashina ne. Ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara ba mu taɓa yin magana ta gaskiya da juna ba. Na taɓa sa shi ya taho Maraɗi da ƙafa cin naman sunan da ba a yi ba. Ban zaci zai riƙe wannan shekara arba'in ba.

Ya ɗauka a kira na biyu. Na gaishe shi da ladabin da ban taɓa yi masa ba, na bayyana masa komai, na ce yanzu wasu lambobi shida za su shigo wayarsa, ya karanto mini. Na kunna kwamfutar a kan turmin Gwaggo da aka kife, na danna. Ta cikin wayar na ji ƙarar shigowar saƙon.

"Sun shigo," in ji shi.

"To karanto."

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

"Kullum rediyo na hwaɗi. Duk wanda ya kira ka ya ce an turo lamba ka karanto mai, ɗan damfara ne. Ga shi ma a jikin saƙon an rubuta kar a ba kowa, wani ya karanta min irin shi."

"Ni ce fa!"

"Shi ya sa."

Na miƙa wa Baba wayar. Baba ya gyara murya ya yi sallama, ya ce shi ne kawunsa, ya karanto lambobin nan.

Taubashina ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, in Kawu ne. Amma an ce yanzu har muryar mutum injin na kwaikwayo. Kuma wannan muryar ta yi Kawu da yawa."

Gwaggo ta karɓa ta zage shi tas, ta haɗa da kakanninsa na wajen uba. Ya saurara har ta gama, ya ce lallai injin ya ƙware. Kafin a gama wannan, kwamfutar ta ce lokacin lambobin ya wuce.

A hanyar dawowa muka tsaya bakin gulbi saboda babur ɗin Baba ya yi faci. Ruwa ya kawo, ja wur, yana tafe da karare. Muna tsaye muna jiran a liƙe tayar, Baba bai dube ni ba ya ce, "Madam, ke kina zuwa gidan nan duk mako. Kin taɓa ganin na sa abu na rasa inda na sa shi?"

"A'a, Baba."

"In kin gani ki hwaɗa min. Kar ki ɓoye."

Na ce to. Na so in ƙara wani abu, amma mai facin ya ce an gama.

Washegari muka yi Jiratawa. Na cika batirin kwamfutar tun a gida, amma na san halinsa, ba ya wuce rabin awa da ɗan ɗori. Muka sauka bakin hanya muka bi gefen magudanar ruwa da ƙafa, taɓo yana kama mana takalma, har muka hango taubashina cikin zogala da lauje a hannu. Da ya ga Baba ya yar da laujen ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, ashe da gaske kai ne."

"Da wa kake zato?"

"Ni dai na ji muryar waccan da farko." Ya nuna ni da haɓa. "Sannu da zuwa, uwar ɗakina. An ce kin gyara wa Kawu na'ura."

Ba rezo a cikin lambun. Sai da muka hau kan gaɓar babbar magudana, inda ya ce nan ne ake samu, kusa da wata bishiyar mangwaro. Ya kife kwandon zogala muka aza kwamfutar. Masu lambunan kusa suka fara ajiye aiki suna tahowa ɗaya-ɗaya, har muka zama kamar ana rabon taki. Na kunna, na danna "na manta" a madadin Baba karo na uku, muka zuba wa ƴar salular ido.

Ba abin da ya shigo.

Na sake dannawa. Shiru. Alamar batir ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Na karɓi salular na duba, sai ga wata ƴar ambulan tana ƙyaftawa a sama: akwatin saƙo ya cika. Taubashina bai taɓa share saƙo ba tun da aka ba shi ita, har da na zamanin Gwaggo. Na fara sharewa yana tsaye a kaina yana cewa kar in taɓa wannan, na mai sayen zogala ne, kar in taɓa wancan, bai san ko na wane ne ba amma ya daɗe. Na share guda biyar. Nan take saƙo biyu suka faɗo a jere. Na buga lambobin na farko, ta ce ba su ba ne. Na buga na biyun, ta karɓa.

Mutanen lambu suka ce alhamdu lillahi, ko da yake ba wanda ya san abin da aka samu.

Yanzu ta buɗe akwati biyu tana son sabuwar kalma, a rubuta sau biyu. Baba ya ce kowa ya juya baya. Mutum goma sha wani abu muka juya muna kallon zogala. Na ji maɓallai, na ji shiru, na ji tsaki.

"Madam. Ta kuma yin jan rubutun."

Na juyo. Cewa ta yi na sama da na ƙasa ba su zo ɗaya ba, wataƙila yatsansa ya zame, domin kwandon yana rawa. Batir ya koma ja. A gefen akwatin akwai wata ƴar alama mai kamar ido, wadda in an danna take nuna abin da ɗigo-ɗigon nan suka ɓoye. Ban nemi izini ba, na danna.

Abin da ya fito ba kalma ba ce. Tarkacen haruffa ne, da q har uku, da wata alamar waƙafi a tsakiya. Ba Bahaushen da zai sa wa kansa wannan. Na tsaya ina kallo, sai na dubi maɓallan da ke ƙarƙashin yatsun Baba, abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Kwamfutar Kano ce, jerin haruffanta na Ingilishi ne. Baba kuwa da jerin Faransanci hannunsa ya saba, inda a take a wurin q, m kuma take can gefe. Ƙanena ya saita ta tun farko ta riƙa bin hannun Baba, ba abin da aka zana a kan maɓallan ba, shi kuma Baba bai taɓa sunkuyawa ya duba ba. Da na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sai ta koma jerinta na asali. Duk inda Baba ya buga a, ita q take ji.

Kuma da yake kaina ya riga ya fara aikin, bai tsaya ba. Na mayar da kowace q ta zama a, na mayar da waƙafin ya zama m. Sunana ne. Sunana na yanka, da shekarar da aka haife ni.

Ni ce ƴar fari a gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. Ina ƙarama "ke" ce ni, ko "yarinyar nan" in yana magana da Inna. Da na fara koyarwa na zama Madam. Ko a takardar lakwal, wato makarantar boko, in an ce ya faɗi sunan ɗiyarsa, sai ya miƙa takardar haihuwa ya ce a duba. Ashe shekara huɗu kullum da safe yana rubuta shi da yatsu goma, kansa a sama.

Na saki alamar idon, ɗigo-ɗigon suka dawo. Baba yana kallon mangwaro. Ni ma na sami abin kallo a kusurwar allon, inda ake canza jerin haruffa, na daɗe ina nemansa fiye da yadda ya kamata.

"Baba, ba ku manta ba. Haruffan ne suka sauya wuri. Na mayar da su. Ku buga yadda kuka saba."

Muka sake juya baya. Maɓallai suka yi ƙara sau biyu.

"Ja kuma," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na karanta, sai dariya ta ƙwace mini. "Ta ce ba za ta karɓa ba. Wai sabuwar kalma ba za ta zama ita ce tsohuwar ba."

"Sake hwaɗi."

Na sake.

Baba ya miƙe tsaye a kan gaɓar nan, ya gyara rigarsa, ya dubi masu lambu ɗaya bayan ɗaya kamar su suka yi masa ƙazafi. "Kun ji ko? Ita da bakinta. Tsohuwar ce. Kwana biyar ana ce min na mance." Ya juyo kaina. "A hwaɗa wa mutanen nan wa ya mance."

"Ni ce, Baba."

"Da ƙarfi, na baya ba su ji ba," in ji taubashina.

Sai da aka nemo sabuwar kalma. Taubashina ya ce a sa zogala, wani ya ce a sa Jiratawa tunda nan aka dace. Baba ya kore mu duka ya buga abinsa. Ban danna ido ba wannan karon, kuma ban san kalmar da ya sa ba har yau. Asusun ya buɗe, muka ga sunayen babi-babi suna jeruwa, na ɗaya, na biyu, na uku, sai allon ya yi baƙi. Batir ya ƙare. Baba bai damu ba. Ya naɗe ta da zanen Inna, ya karɓi damin zogalar da aka ba shi, a hanya har yana yi wa wani mai lambu bayanin abin da ke sa akuya ɓari.

Na so a cire layin nan a mayar wa Baba, taubashina ya ce kyauta ba ta komawa, kuma makiyaya sun saba da shi. Na tambaye shi me yake ce masu. Ya ce ganyen zogala.

A gida littafin ya sauko duka, ban da babi na goma sha ɗaya, wanda Baba ya rubuta a makon da rezon unguwar ya lalace, bai samu ya hau ba. A kan yadda ake gane akuya mai yawan nono tun tana ƴar ƙarama ne. Ya sake rubuta shi cikin wata guda, ya ba ni na karanta, na ce ya yi kyau ƙwarai. Ya ce ai ban ga na farkon ba. Duk baƙon da ya zo gidan yanzu sai ya ji labarin babin da ya ɓata, kuma kowace shekara babin yana ƙara kyau. Bara har wani malamin jami'a Baba ya gaya wa cewa da wancan ya tsira, da an daina shigo da madarar gwangwani ƙasar nan. Ina zaune a wurin ina zuba masu shayi. Malamin ya tambaya yaya aka yi ya ɓata, Baba ya ce wata ƙwararriya ce ta taimaka masa, ya miƙo mini kofinsa in ƙara.